Yadda Baban Husna Ya Koyi Zane Da Hagu

Matan da suka zo mini ta'aziyya, kusan kowacce sai ta tambaye ni yadda ciwon ya fara. A lokacin ba na iya haɗa magana mai tsawo. Sai in ce hawan jini ne, su ce Allah ya jiƙansa, in ce amin. Yanzu na fita takaba, gida ya yi shiru, na ga gara in zauna in faɗe shi tun daga farko, ko wata mai miji irin nawa za ta ji ta tashi tsaye tun da sauran lokaci.

Sunana Maimuna. A unguwar Ambassatna aka haife ni, a nan aka ɗaura mini aure, a nan nake har yau. Mijina Sale, wanda nake kira Baban Husna, ɗan kasuwa ne kamar ubansa da kakansa, sai dai shi bai taɓa riƙe rumfa ba. Babur ne shagonsa. Kullum da sassafe ya nufi Ngueli, ya haye gada zuwa Kousseri ta Kamaru, ya ɗauro atamfa da sabulu da takalman roba, ya zo ya rarraba wa masu shaguna. Mutum ne mai baki. Hausa a gida, Larabci a kasuwa, Faransanci da ma'aikatan duwan, wato kwastan, har Fulatanci yana taɓawa. In ya dawo da yamma, labarin hanya ba ya ƙarewa sai na ce ya bari mu ci abinci. 'Yarmu ɗaya ce, Husna, tana aure a Abeche, saboda haka mu biyu ne a gidan.

Ciwon kai ne ya fara, a ƙeya, musamman da safe. An taɓa auna shi a wata farmasi aka ce tansiyon ɗinsa, wato jininsa, ya hau, aka ba shi ƙwaya. Ya sha na ɗan lokaci, ya ji sauƙi, ya ajiye. In na yi magana sai ya ce, "Maimuna, mai lafiya ba ya shan magani. Zafin ranar hanyar Ngueli ne kawai." Ya sa na riƙa jiƙa masa karkanji, zoɓo ke nan, ba sukari, wai an ce yana sauke jini. Gishiri kuwa bai yarda a rage masa ko kaɗan ba.

Wata safiya muna karyawa, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, abin da ya fito kamar na mai magagin barci. Kafin in ɗauko tsumma in goge tabarma har ya dawo daidai, yana dariya, yana cewa shayin ne ya yi zafi. Ya hau babur ya tafi. Daga baya likita ya gaya mini wannan safiyar ita ce gargaɗin. Ku riƙe ta.

Ba a jima ba bayan nan ya faɗi. Da hantsi ne, yana ɗaure kaya a bayan babur a tsakar gida. Na ji ƙarar faɗuwar babur, na fito daga kicin na same shi kwance a gefensa, idonsa biyu, yana kallona. Bakinsa ya karkace. Hannun dama da ƙafar dama sun saki kamar ba nasa ba.

Maƙwabta suka taimaka aka shigar da shi ɗaki. Na kira yayarsa, Yaya Ladi, da ke zaune a Habbena. Ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, maganarta a gidanmu ba a tsallake ta. Tana shigowa ta dube shi ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Dubi bakin. Shafar iska ce. In aka kuskura aka yi masa allura yanzu, shi ke nan."

Aka kira malami, ya yi tofi, aka yi rubutu. Da aka ɗura masa rubutun sai ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Wani ya ce a shafa masa man shanu da tafarnuwa, aka shafa. Wani ya ce a jira zuwa azahar a gani. Aka jira. Sai bayan la'asar, da ya fara wani irin minshari alhali ba barci yake ba, wani maƙwabcinmu ya je ya kawo taksi ba tare da ya tambayi kowa ba. Allah ya saka masa da alheri.

A asibiti mun daɗe a baranda kafin a dube mu. Likitan da ya zo matashi ne, da Larabci ya yi mini magana. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun hantsi. Ya dubi agogon hannunsa. Ya rubuta a yi skaner, hoton kai ke nan, amma na asibitin ya lalace, sai washegari muka ɗauke shi a taksi zuwa wani wurin kuɗi, muka dawo da shi. Da likitan ya ɗaga hoton a hasken taga sai ya ce, "A-ve-se ne. Jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Wannan ciwon da awa ake lissafa shi, ba da kwana ba." Wannan maganar ta zauna mini har yau. A lokacin kuwa na ji ta kamar wata ake yi wa. Na ce to. Na naɗe hoton na sa a jaka.

Makon farko a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya na yi shi, tare da sauran masu jinya, kowa da tabarmarsa da ɗan murhunsa. Takardar magani, wadda suke kira ordonans, ba ta yankewa. A ba ka ɗaya da safe, kafin ka dawo daga farmasi an rubuta wata. Har auduga da safar hannu kai za ka sayo. Akwai ma'aikacin da in ka kira shi sai ya gama waya tukuna. Akwai kuma wata nas, babbar mace, ban ma riƙe sunanta ba, da ta tsaya ta koya mini yadda zan riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, da yadda zan ba shi kunu da cokali yana zaune tsaf don kada ya sarƙe. Ba ta karɓi komai a hannuna ba. Duk inda take Allah ya rufa mata asiri.

A mako na biyu aka sayar da babur. A na uku 'yan kunnena da zobe suka bi shi. Ba zan tsaya lissafi ba, duk wanda ya taɓa jinya a garin nan ya san yadda abin yake. 'Yan uwa sun taimaka, sun kuma kawo shawara fiye da yadda zan iya ɗauka. Wannan ya ce a haye da shi Kamaru, likitocin can sun fi. Wancan ya ce a yi masa ƙaho. Wata ta kawo wani baƙin ruwa a gora wai yana wanke jijiya. Nakan karɓa in yi godiya in tura ƙarƙashin gado. Husna ta zo daga Abeche da tsohon ciki, ta yi ta kuka a bakin gado har na ce ta koma. Ni ban yi kuka ba. Ba daurewa nake ba. Babu shi ne kawai.

Muka dawo gida da shi a keken guragu. Ƙafar ta ɗan fara motsi, hannun dama bai taɓa dawowa ba. Amma babban abin da ciwon ya tafi da shi magana ce. Mutumin da ke ciniki da harshe huɗu, kalma ɗaya ta rage masa, ita ma ta Larabci: "mafi", wato babu. Ana masa sannu ya ce mafi. Yana jin ƙishi ya ce mafi. Abin mamaki, in aka ja masa Fatiha yakan bi har ƙarshe ba tuntuɓe, amma in ka ce ya faɗi sunana sai ya yi ta kallona, jijiyar wuyansa ta miƙe, ƙarshe ya ce mafi.

Wata rana Yaya Ladi ta zo da wasu mata biyu dubiya. Suna zaune a ɗakin ya fara buga katifa da hagu yana mafi, mafi. Na kawo ruwa, ya kau da kai. Na kawo kunu. Na gyara masa matashi. Na kunna rediyo. Yana ta buga katifa, idonsa kamar zai faɗo. Ashe fo yake so, bayan gida ya matse shi. Kafin in gane, abin ya riga ya faru a gaban baƙi. Matan suka tashi suka fita sumui-sumui. Na wanke shi, na canza shimfiɗa. Ya juya fuskarsa ga bango. Daga ranar ya daina karɓar abinci sai da ƙyar, in an shigo dubiya ya rufe ido kamar mai barci. Na ga mutumin yana tafiya da gangan, ni kuma ban san ta inda zan riƙo shi ba.

A wannan halin Madam Odet ta same mu. Ita ce kine, mai motsa masa gaɓoɓi, likita ne ya haɗa mu da ita. 'Yar kudu ce, gajera, mai ƙarfin hannu, tana zuwa a kan ƙaramin babur ɗinta. Am Husna take kirana, wato Maman Husna. Da na ba ta labarin abin da ya faru, sai ta leƙa tsakar gida ta ga kwalayen sabulun da suka rage daga kayansa. Ta yago gefen ɗaya, ta ciro fensir a jakarta, ta zana kofi, ta nuna masa. Ta sa fensirin a hannunsa na hagu. Ya wurgar da shi. Ta ɗauko ta mayar masa. Ya sake wurgarwa. Ta ce masa da Larabci, "Ni ba na gajiya da sunkuyawa, Malam Sale. Aikina ke nan."

Ni kuma ta ja ni gefe ta ce, "Am Husna, ke ma sai kin koya. Ba duk maganarki yake kamawa ba. In kin yi ta da tsawo, kamar rediyon da bai kama tasha ba yake ji. Ki zana masa, shi ma ya zana miki."

Na ce, "Madam, ni ko layi madaidaici ban iya ja ba."

Ta ce, "Shi ma haka. Kun zama ɗaya."

Haka muka fara. Shi bai taɓa riƙe komai da hagu ba sai butar bayi. Da farko abin da yake yi kamar sawun kaza ne a ƙasa. Da'ira ba ta haɗuwa, fensir ya huda kwali. Amma a hankali muka samu alamominmu. Da'ira mai hannu kofi ne. Da'ira mai faɗi fo ne, wannan ita ya fara ƙwarewa a kai, kuma abin da ya faru gaban baƙi bai sake faruwa ba. Wata rana ina so in tambaye shi ko zai ci nama, sai na zana akuya. Ya daɗe yana kallonta. Ya juya kwalin sama, ya juya ƙasa. Sai na ji wani sauti ya fito daga karkataccen bakinsa, na zabura na ɗauka sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Ya karɓi fensir ya ƙara wa akuyar ƙafa ɗaya, don uku na yi mata.

Wannan akuyar ce Yaya Ladi ta gani. Ta ce, "Maimuna, mara lafiya da ke buƙatar mala'ikun rahama a kansa, shi za ki cika wa ɗaki da gumaka?" Na ce ba gumaka ba ne, Yaya, magana ce. Ba ta yarda ba sai da aka aika wa limamin unguwa. Ya aiko cewa abin da ba shi da rai babu laifi, kuma larura tana da hukuncinta. Duk da haka Yaya ta daina salla a ɗakin, sai ta ɗauki darduma ta fita baranda. Amma ita ce take aiko mana da miyar kuka kowace Juma'a, ita ce kuma ta biya Madam Odet a watan da na kasa. Ina faɗin wannan ina faɗin wancan, don duka gaskiya ne.

Da damina ta faɗi, sai na lura ya daina zana abin da yake buƙata kaɗai. Yakan zauna a baranda a keke, kwali a cinya, ya yi ta zana butar alwala. Ba ruwa yake so ba. Butar yake so ta fito. In ba ta yi ba ya ce mafi, ya juya bayan kwalin ya sake. Madam Odet ta gani ta ce ta san wani mai zanen allunan shago a Habbena, wanda ke yi wa masu aski da masu gyaran waya, Metir Usman. Ta kawo shi wata Lahadi. Dogo ne siriri, duk faratansa fenti. Ya duba tarin butocin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yaya Sale, kana zana butar da ke kanka ne. Ka bar ta. Ka zana wadda ke gabanka."

Ya koya masa ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon abu da babban yatsa. Ya koya masa ya fara da babban siffa kafin ƙananan abubuwa, ya kuma duba inda inuwa ta kwanta, don ita ke sa abu ya zauna a ƙasa maimakon ya yi ta yawo a takarda. Ban san nawa Baban Husna yake ganewa daga maganar ba. Metir Usman dai ya gane da wuri cewa nunawa ta fi, sai ya rage baki, ya riƙa kama hannunsa. Ni ma ya ce in ɗauko nawa kwalin. Ya manna takarda da salatif a kan faranti don kada ta riƙa gudu, tunda babu hannun da zai danne ta.

Daga baya ya kawo ragowar fentinsa a 'yan gwangwanaye, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da fari, da tsofaffin buroshi biyu. Ya nuna mana yadda shuɗi da ruwan ɗorawa ke haifar da kore. Na kai shekarun da na kai ban san haka ba. Baban Husna ya zana gadar Ngueli daga ka, da ƙarfen gefenta da layin manyan motoci. Da aka zo kan ruwa Metir Usman ya miƙa masa shuɗi. Ya ce mafi. Ya janyo ja da ruwan ɗorawa, ya ɗiga shuɗi kaɗan, ya yi ta cakuɗawa har ya zama ruwan ƙasa irin na kunun kanwa, sannan ya shafa. Metir Usman ya yi dariya ya ce, "Gaskiyarka. Kogin Logone da damina ke nan. Ni ban taɓa tsayawa na dube shi ba." A ranar kalmar ta faɗi daidai inda ya kamata.

Kada wanda ke karanta wannan ya ɗauka gidanmu ya koma gidan farin ciki. Jinya tana nan yadda take. Wanki kullum, ɗagawa da kwantarwa har bayana ya fara ciwo, layin asibiti duk ƙarshen wata tun da sassafe don a auna shi a sabunta ordonans, wani lokacin a ce likita bai zo ba mu dawo. Na fara sayar da ƙanƙara da karkanji a ƙofar gida, in wuta ta zo. Zuwan Madam Odet ya ragu daga baya don ba mu iya biya, ta koya mini abin da zan riƙa yi masa da kaina. Akwai ranakun da yake fushi ya watsar da fenti a tabarma, in goge. Ni a lokacin kamar injin niƙa nake, a kunna da asuba a kashe bayan isha. Wata rana ya kira ni da buga keke, ya nuna mini takarda. Mace ce ta juya baya tana shanya, da zanena mai ɗigo-ɗigo, ba fuska. Ni ce. Ya yi ta kallona yana jiran abin da zan ce. Na ce, "Ya yi kyau, Baban Husna, na gode." Na koma na duba tukunya. Na so in ji wani abu. Na tsaya a kicin ina jiran abin ya zo mini, bai zo ba.

Abin da zan iya cewa shi ne, tsakanin la'asar da magariba, in na zauna kusa da shi muka ajiye abu ɗaya a gabanmu, ko tulu, ko takalmi, ko albasa, kowa yana zana nasa, a wannan lokacin kaina yakan yi shiru. Ba na tunanin farmasi. Ina duba inda hannun tulu ya haɗu da wuyansa ne kawai. Wani lokaci ya leƙo nawa, ya miƙo hagu ya gyara mini layi. Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Hirar da ta rage mana ke nan, kuma mun yi ta sosai.

Bayan sanyi ya wuce, wani tsohon abokinsa ya zo dubiya, Adum, mai shayi a bakin gadar Ngueli, inda Baban Husna yake karyawa in ya yi sammako. Ya ga zane-zanen jingine a bango, ya tsaya a gaban na gadar ya daɗe. Sai ya ce, "Sale, teburina ba shi da allo. Ka yi mini. Butar shayi da kofi da burodi. Aiki na ba ka, ba sadaka ba, zan biya kamar yadda ake biya." Na zana masa abin da Adum ke nufi a kwali. Ya dubi kwalin, ya dubi Adum, ya miƙa masa hagu suka tafa irin ta 'yan kasuwa.

Metir Usman ya kawo allon katako ya shafe shi da fari. Aka yi cewa shi zai rubuta sunan Adum a ƙarshe, don haruffa sun ɓace wa Baban Husna tare da magana. Ban taɓa ganinsa da himma irin ta wannan lokacin ba tun da ya kwanta. Ya sa na riƙa sa masa hula kafin ya fara aiki. Ya fitar da komai da alli mai launi tukuna, ya goge, ya sake, har sai da ya gamsu. Sannan ya fara fenti da butar. Shuɗiya ya yi ta, da garwashi ja a ƙarƙashinta, da ɗan farin haske a cikinta inda rana ta daka. Hannun yana rawa, saboda haka a hankali yake tafiya, da safe kawai kafin zafi ya taso, don an shiga bazara.

Ya gama butar. Kofi da burodi suna nan da alli. Wata safiya na kawo masa kunu na tarar kansa ya langaɓe a kafaɗa, buroshi a ƙasa, ya yi amai a rigarsa. Tun da ya kwanta maganinsa bai taɓa yankewa ba ko na rana ɗaya, wannan na tabbata, amma likita ya riga ya gaya mana ciwon yana iya dawowa. Wannan karon ban kira kowa shawara ba. Na fita titi ba ko mayafi na tare taksi. Mun isa da wuri, an kuma karɓe mu da wuri. Likitan ya ce wannan jijiyar fashewa ta yi, kuma babba ce. Bai sake buɗe ido ba. Kwana kaɗan muka yi, ya cika da rana tsaka, ina zaune ina masa fifita da kwali don an ɗauke wuta. Na ci gaba da fifitar har sai da nas ta zo ta riƙe hannuna.

Ga abin da nake so a ɗauka. In an ce mutum yana da hawan jini, maganin ba na jin sauƙi ba ne, na kullum ne. In abu ya suɓuce daga hannunsa, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko da ya dawo daidai nan take yana dariya, a tafi asibiti a lokacin. A yi addu'a a cikin mota. Kada a ɗura wa wanda ya faɗi komai a baki. In kuma magana ta tafi, mutumin yana nan a ciki, a nemo masa hanya.

Ina cikin takaba Adum ya zo. Daga bayan labule muka gaisa. Ya yi ta'aziyya, sannan ya tambayi allon. Na ce bai ƙarasa ba, amma Metir Usman zai iya ƙarasawa, ko ni ma in gwada in na fita. Ya ce, "A'a, Am Husna. A ba ni shi yadda yake." Ya ajiye kuɗin aikin a bakin ƙofa, cikakke. Metir Usman ya shafa wa allon wani mai mai ƙyalli don kada ruwa ya wanke allin, aka ɗora shi a babur aka tafi da shi.

Makon da na fita takaba na hau klando, acaba ke nan, na ce a kai ni Ngueli. Duk shekarun da ya yi yana bin hanyar nan, ban taɓa zuwa ba. Hayaniya ce da hayaƙin manyan motoci, mata da kaya a ka, babura kamar za su hau juna. Na tsaya a tsallaken titi. Allon yana rataye a saman rumfar Adum, shuɗiyar buta tana ƙyalli, gefenta farin fili da layin alli. Maza suna zaune a benci suna shan shayi. Na ji wani direba yana cewa da ƙarfi, "Adum, wai yaushe mai fentin nan zai zo ya ƙarasa maka kofin?"

Adum bai ɗago daga tukunyarsa ba. Ya ce, "Ya gama. Haka yake."

Na ɗan ƙara tsayuwa. Ban tsallaka ba. Wani mai klando ya tsaya a gabana ya ce, "Hajiya, ina za mu?" Na daɗe ina kallonsa kafin in tuna sunan unguwarmu.

Allah ya jiƙan Baban Husna, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu ƙarfin baya.